Litinin Ba Ta Sallama

Litinin ta same ni ina tura babur
tun daga Majiya har sakatariya.
Fulogi ya jiƙe, wandona ya sha taɓo.
Haladu masinja ya dube ni sama da ƙasa:
"Malamin gona, yau da gonar ka taho?"

Talata aka ce akwai taron bita,
baƙi daga Dutse, da majigi, da lasifika.
Manoma arba'in sun jingine fartanya,
mun jera benci tun hantsi,
sai bayan azahar motar ta kunno kai.
Mai jawabi ya gyara hula ke nan
janareto ya yi tari biyu, ya cika.
Bai fasa ba, ya nuna farin bango:
"Da a nan za ku ga tsutsar."
Tsoho Barau ya ɗaga hannu,
"Yallaɓai, tsutsar tana cikin masarata,
in ka taka, ko ba inji za ka gan ta."
Na haɗiye dariya har ta ƙware ni.
Kuɗin zama kuwa, mun sa hannu,
an ce za a aiko.
Fanke biyu na kai wa Uwale a aljihu.

Laraba taki ya iso, buhu sittin,
sunaye ɗari uku a takardata.
Kafin la'asar na yi maƙiya ɗari biyu da arba'in,
cikinsu har da kawuna.

Alhamis muka sallami Malam Datti,
shekara talatin da biyar a tebur ɗaya.
Karo-karonmu ya sayi agogon bango.
Ya juya shi, ya sake juyawa,
"Sai yanzu da ba inda zan makara?"
Muka yi shewa, shi kuma ya goge ido.
Kujerarsa mai ƙafa uku da bulo
ni aka ce na gada.

Juma'a kowa ya zuba wa waya ido.
Ta yi ƙara, gabana ya faɗi:
ashe tallan kati ne.

Asabar tawa ce, haka nake faɗa.
Na je gonata da Sabi'u da sassafe,
na tarar ciyawa ta fi geron tsawo.
Maƙwabcina ya leƙo ta kan iyaka
bai ce komai ba,
shirunsa ya fi zagi.
Kunya bakwai muka nome, hadari ya haɗo,
muka fake a gindin tsamiya
muna raba rogo ɗaya.
Yaron ya ce, "Baba, kai ma ka je bita mana."
Ban san ranar da na yi dariya irin wannan ba.

Lahadi Gujungu ta cika ta batse.
Ina cinikin fulogi da kuɗin aro
wayar ta motsa a ƙirjina.
Wannan karon shi ne, ya shigo.
Kafin in fita daga layin 'yan kifi
mai shago ya ci nasa, adashi ya ci,
saura ya isa takalmin Hansatu
da manja rabin kwalba.
A bakin tasha Barau ya riƙo rigata,
na ɗauka rigimar taki ce.
Ƙwan zabi goma ya danƙa min a leda:
"Maganin da ka ce a fesa da yamma, ya yi."

Na tuƙo a hankali kamar mai goyon jariri,
biyu suka fashe duk da haka.

Yanzu isha ta wuce, ina kan tabarma,
ƙafafuna na zogi, kwaɗi na raira nasu.
Uwale na hura gawayin dutsen guga,
farar rigata shimfiɗe a gabanta.
Ban ce mata gobe aiki ba.
Litinin ba ta sallama,
tana zaure tun ɗazu, ta cire takalmi.