Abin da Kogi Ya Ajiye Mana

Ban zo don lada ba, in faɗi gaskiya.
'Yata Kuluwa ce ta tare ƙofar shago
da buhu biyu da safar hannu ta roba,
ta ce, "Baba, kogi na bin mu bashi."
Na danna kwaɗo ina gunaguni,
na bi ta lungun Kabala har gangare.

Tun da damina ta ɗauke ƙafa ruwa ya ja baya,
ya bar shanyarsa a kan geza:
leda baƙa, leda fara,
kowane reshe da tutarsa,
kamar an yi gangami an watse ba a kwashe ba.

Mu goma sha bakwai ne, na ƙirga.
Jatau mai faci ya zo da manjagara.
Zugwai ta hayo gada daga Barnawa
da mata huɗu na zumuntar cocinsu.
Ga wani malamin jinya, daga aikin dare yake,
ido jajur, yana tsintar allurai a hankali
kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro.
Ba wanda ya tambayi wani tsallaken da ya fito.
Wari ɗaya ne ya bugi hancinmu duka.

Takalmin yaro, wari guda, igiya a tsinke.
Katifa ta sha ruwa har ta fi mushen jaki nauyi,
sai da mu biyar muka ja ta.
Kunzugu, robar lemo, tayar keke rabi a yashi,
da hoton wani ango da amaryarsa,
ruwa ya cinye fuskokin
ya bar hannuwa riƙe da juna.

Baba Tanimu na cikin jirginsa yana ɗinkin koma.
Bai tashi ba. Ya dai ce,
"Da, jifa ɗaya, karfasa ta cika ƙwarya.
Yanzu leda nake kamawa, ita ba ta gudu.
Kadojin da garin nan ya ci sunansu ma sun ƙaura,
sun ga waɗanda suka fi su haƙori."

Na sunkuya na zaro wata daga laka.
Ledar ruwa ce, shuɗin rubutu,
kusurwa ɗaya da sawun haƙori.
Na san ta.
Irinta ce ke cike da firjina,
ni nake miƙa ta da sanyinta ta taga.
Na zaro ta biyu. Ta goma. Na daina ƙirga.
Shekara tara ina lissafin riba bayan isha'i,
ban taɓa tambayar inda suke kwana ba.
Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Kuluwa ta gani.
Ba ta ce komai ba,
sai ta ƙara buɗe mini bakin buhu.

Kafin azahar, buhu arba'in da uku.
Motar da aka yi mana alkawari ba ta zo ba,
sai Jatau ya kira 'yan kura, muka yi karo-karo.
Muna ɗaure na ƙarshe
wani hannu ya fito ta tagar bas a kan gada.
Muka bi ta da ido tana lilo, tana saukowa,
har ta zauna a kan ruwa.
Zugwai ta kama ƙugu ta yi dariya:
"To, ga ta Asabar mai zuwa."

Kogi bai ce mun gode ba,
ya ci gaba da tafiyarsa.
Sai dai balbela ɗaya ta sauka
a ɗan filin da muka share,
tana taka yashi tana ɗaga ƙafa
kamar baƙuwa a ɗakin da ta taɓa zama.

Da yamma na yanke kan tsohuwar jarka
na ɗaure ta da waya a ƙofar shago.
Bayana na ciwo.
Yaron farko ya sha, ya dube ni, ya dubi kwata,
ledar na hannunsa tukuna.