Karyayyar Allura

A El Alto, garin da ya hau kan gari,
inda numfashi ma sai an yi cinikinsa,
nan Basilia Tarqui ke ɗinka rigunan sanyi.
Shekara goma sha ɗaya ina riƙe mata littafin lissafi,
har yau ban gama lissafa ta ba.

Bara wasu ɗalibai suka zo da biro da takarda,
suna neman sirrin nasara.
Ta ce, "Zare mai kyau." Ta koma kan keke.
Suka ɗauka zolaya ce.

Ni na san abin da ta haɗiye.
Tana da shekara sha tara, a shagon Don Evaristo,
allura ta karye a hannunta.
Ya cire kuɗinta daga ladan wuni,
a gaban kowa, yana ƙirgawa da ƙarfi.
Ba ta yi kuka ba. Ta tsinci guntun,
ta naɗe shi a takardar burodi.
Yana nan a gwangwanin shayi,
tare da takardun fili da hoton mahaifinta
sanye da hular ma'adinai mai fitila a goshi.

Da keken aro ta fara, mai tari kamar tsoho,
da riguna shida a kan leda, ranar kasuwar Alhamis,
ƙanƙara na dukan rumfa.
Biyu ta sayar. Aka dawo da ɗaya:
direban bas ne, zif ya cije masa a wuya.
Da wata ce, da an yi cacar baki.
Ita zaunar da shi ta yi,
ta saya masa kunun masara mai zafi,
ta ce, "Nuna mini yadda kake riƙe sitiyari."
Nan ta gane hammata ce ke fara yagewa,
aljihu kuma ya yi wa canji nisa.
Ranar ta yi asarar riga ɗaya,
ta tashi da tasha guda.

Kada ku ɗauka waliyyiya ce.
Tana da baki kamar almakashi.
Ta taɓa sa ni sake lissafin wata uku
saboda sulalla biyu da suka ɓace.
Ranar da 'yarta Nélida ta karɓi shaidar gama makaranta,
tana kan iyaka tana jayayya da masu kwastan a kan yadi.
Nélida ba ta manta ba. Ita ma haka.

Shekarar da gwanjo ya cinye kasuwa,
maƙwabta suka rufe shaguna ɗaya bayan ɗaya.
Na nuna mata jan layi a littafi, na ce, "Mu sallami rabi."
Ta sayar da motarta, ta biya kowa albashi,
ta shiga bas zuwa ramukan ma'adinai,
ta kwana huɗu tana auna kafaɗun maza
masu fitowa daga ƙarƙashin ƙasa da baƙin tari.
Ta dawo da odar riga ɗari uku
da mura da ta kwantar da ita mako guda.
Daga kan gado take aiko da gyaran wuya.

Yanzu kekuna arba'in ne ke kuka a bene biyu.
Ita ke buɗe ƙofa, ita ke kashe fitila.
Na ce, "Doña, yaushe za ki huta?"
Ta ce, "In na gama."
Na ce, "Gama me?"
Ta dubi dutsen da ƙanƙara ta yi wa rawani,
ta ce in duba farashin maɓalli.

Jiya wata sabuwar yarinya ta karya allura.
Ta daskare, hannu a baki, ido a ƙasa.
Basilia ta taso. Kekuna suka yi shiru.
Ta ɗauki guntun, ta juya shi a haske,
ta daɗe tana kallo.
Sai ta ce, "Kina jan yadin ne. Bar shi ya tafi da kansa."
Ta miƙa mata sabuwa.

Da ta wuce teburina, ba ta tsaya ba.
"Rubuta: allura ɗaya," ta ce,
"a kan shago."