Shafin da Gara Ta Rage

Ruwa na dukan kwano a Gangare.
Na kwance gafakar kakan kakana,
wadda ta biyo masu haƙar kuza zuwa Jos
a kan jaki, tsakanin kanwa da gishiri.
Ajami ne, tawadar ta koma launin tsohon goro.

Ya ce, shekarar da agana ta sauka
yara bakwai suka tafi a wata guda,
gari ya shiga neman wuyan da zai rataya wa.
Sai aka tuna da Tasalla mai daddawa:
ba ta da kowa, ga jan ido,
tana magana ita kaɗai a bakin rijiya.
Aka ce akwai ƙanƙara a cikinta,
aka ce ta kife kurwar Nomau da ƙoƙo.

Suka jawo ta, ɗankwali a ƙasa,
ta tsallaka yaron sau uku,
ta kuskure baki, aka ɗura masa ruwan.
Kafin la'asar ya cika.
Da ya tashi, da an ce ta sake shi.
Da bai tashi ba, aka ce ta riga ta cinye.

A gefen shafi, da siririn alƙalami,
tsohon ya yi baiti: zato zunubi ne ko ya zama gaskiya,
hayaƙin murhu ke rina ido.
Amma a ƙasan baitin, da hannun nan dai,
ga hatimin tsari daga mayu,
gida tara, an zana shi da kyau.

Layin da ya faɗi inda ya tsaya ran nan,
cikin taron ne ko bayan dangarsa,
shi gara ta zaɓa ta ci.

Ana cewa in maye ya manta
uwar ɗa ba ta mantawa.
To, wa ya riƙe wa Tasalla nata?

Ruwa ya tsagaita. Na leƙa waje.
Tsohuwar gidan kallonmu, wadda yara ke gudu,
tana tsallake kwata da ƙullin gawayi a ka.
Ta ɗago, ta ce mini sannu da sanyi.

Na amsa.
Sai bayan ta wuce na ji leɓena na motsi:
kurwata kur.