Ɓera a Hannuna

Shekara talatin da biyu ina yaƙi da ɓera,
na ɗana tarko bayan kanta, na toshe rami da kwalba.
Ran Litinin sai ga takarda daga ofishin sama:
Malam Ladan zai tafi bita. Ba a ce in yana so ba.

Na hau kabu-kabu daga Runjin Sambo, rana na dukan ƙeya,
na iske zaure da sanyi, ga ruwan roba a tebur,
sai anka aza mini ɓera a hannu,
wai wanga bai taɓa cin takarda ba.

Mai koyarwa ta juyo, na shaida idon:
Kuluwa ce, ɗiyar mai gyaran keke na Ƙofar Rini,
wadda na yanka wa katin aro tana aji huɗu,
ta riƙe littafi wata uku, ban ci ta tara ba.

Yau ita ke cewa, Baba, sassauta hannu,
ba fartanya ba ce, taɓawa ɗaya ta isa.
Kibiya na gudu a allo kamar ƙadangare kan katanga,
na tare gabas, ta yi yamma, ban kamo ta ba.

Kwana na biyu anka ɗauke wuta ana tsakar bayani,
inji ya yi tari sau biyu, ya ce babu mai.
Munka zauna muna fifita da takardun jawabi.
Wani daga Gwadabawa ya ce rufinsu na yoyo kan kantar tarihi,
wata daga Boɗinga, shekara shida ba sabon littafi,
Macciɗo ya ce kuɗin mujallun intanet sun ƙare tun bara.
Darasin da ya fi shiga kenan, ba a sa shi a jadawali ba.

Alhamis na koma aiki da takardar shaida a hammata,
sai ga ɗalibi, gumi na zuba, waya a tafin hannu:
Malam, na'ura ta ba ni littafi kan jimar Sakkwato,
da marubuci, da shekara, har shafi, ba ta rage komi ba.

Na ja akwatin kati, yatsuna sun san hanya,
na koma kan allo yadda Kuluwa ta nuna,
na kira Macciɗo, ya duba nasu. Shiru.
Yaro, wanga littafi ba a haife shi ba.

Ya yi tsaye kamar wanda anka ɗauke wa takalmi a masallaci.
Na ce, zo. Kanta ta bakwai, can ƙasa inda ba a son duƙawa,
ga kundi mai koren bango, wani ya bi majema gida-gida,
ya rubuta har warin bagaruwa, bai ƙagi ko ɗaya ba.

Bayan la'asar na buɗe gafakar takardun ajami,
gara ta ci gefe, ta bar mini tsakiyar magana.
Na shimfiɗa warƙa ɗaya ƙarƙashin fitilar na'ura,
hannu na rawa. Hoton fari bai fita ba.

Na biyu ya fita, har jan wasali, har ɗigon tawada,
har inda yatsan wani ya bar maiƙo tun ba a haife ni ba.
Na aika wa Kuluwa. Ta maido: Baba, juya shi, kansa na ƙasa.
Na yi dariya ni kaɗai, masinja bai san dalili ba.

Saura shekara uku in aje mabuɗai.
Warƙa ɗari tara ke cikin gafaka, na ƙirga da kaina.
In wuta ta yarda, biyar a yini, mu da gara tsere ne.
Tarkon bayan kanta kuwa yana nan, ban kwance shi ba.