Mai Bin Bashi a Ƙuguna

Shekara ashirin da biyu ina dakon albasa a kasuwar Aliero,
daga rumfa zuwa tirela, daga tirela zuwa rumfa.
Wata ranar kasuwa wani abu ya ce ƙas a gindin bayana.
Na sauke buhun.
Nauyin bai sauka ba.

Gado mai ɗori na fara nema,
wanda hannunsa ya san ƙashi
kamar yadda makaho ya san ƙofar ɗakinsa.
Ya lalube ni daga wuya har tsatso, ya daɗe shiru.
"Tunau, babu abin da yak karye.
Da karaya ta, da na ɗaura ma kara.
Wanga aikin jijiya na. Tafi Birni."

Ban tafi Birni ba, kemis na tafi.
Ja da fari, biyu da safe, huɗu in rana ta take,
a kan cikin da bai ga ko koko ba.
Yaran tasha suka nuna mini wata koriya
mai sa mutum ya ɗauki buhu yana dariya.
Na yi dariyar wata uku.
Sai ciki ya kama da wuta,
hannu ya koyi rawa duk ranar da ban sha ba,
ciwon kuwa yana zaune a ƙuguna
ya miƙe ƙafa, kamar mai bin bashi a zaure.

A asibitin Birnin Kebbi
likita ta zazzage ledata a kan tebur, ta ƙirga da biro.
Ta ture koriyar gefe:
"Wannan da sannu za ku rabu, ba dare ɗaya ba."
Ta bar mini ta rana, sai bayan tuwo,
da wata 'yar mitsitsiya ta dare mai lallashin jijiya.
Har jiƙon da nake ɓoyewa a gora ta tambaya,
wai ba kowace saiwa ke shiri da ƙwaya ba.
"Baba, ƙwaya sanda ce. Tafiyar taka ce."

Ɗakin gashi kuwa, Rifkatu 'yar Zuru
ta kwantar da ni da furfurata,
ta ce in jawo gwiwa zuwa ƙirji, in ƙirga goma, in saki.
Ni da na ɗaga abin da jaki ya ƙi,
ƙafata ta gagare ni.
Na ji kunya. Na ƙirga.

A gida Tumba tana soya yashi a tsohon kasko,
ta ƙulle a gefen zane, ta taɓa a kuncinta tukuna,
sannan ta ɗora inda mai bashin yake zaune.
Man kaɗe ya biyo baya, da mita:
wai da na ji maganarta tun bara.
Mitar ma ina ga tana cikin maganin.

Bayan asuba ina takawa zuwa bakin fadama.
Da fari taku ɗari, in jingina da darbejiya.
Yanzu ina kaiwa rijiyar Ɗan'ige
kafin ya tayar da injin ban ruwa.

Ranar da na fara salla a kujera na yi hawaye.
Jiya goshina ya taɓa ƙasa a raka'a biyu.
Ban gaya wa kowa ba.

Bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya.
In hadari ya haɗu ta gabas, shi ke fara sanar da ni,
akwai daren da yashi da ƙwaya duk suke sallamawa,
in zauna ina sauraron kwaɗi har kiran farko.
Amma bashin yanzu kaɗan-kaɗan nake biya,
ya daina ƙwace mini yini ɗungurungum.

Na koma rumfa da basilla, ina ɗinke bakin buhu.
In na ga yaro ya sunkuya zai ɗauka da baya,
sai in buga masa tsawa: "Kai, durƙusa da gwiwa!"
Ya dube ni, ya yi dariya,
irin wadda na sani.