Tsakanin Huɗu da Bakwai

A banɗakinmu na Unguwar Mu'azu akwai hita,
wani farin tulu maƙale a bango,
Ashiru ne ya aiko da kuɗinta daga Fatakwal.
A gindinta ɗan maɓalli mai juyawa,
ɗaya zuwa bakwai.
Ni nakan bar shi a huɗu.
Da asuba in tarar da shi a bakwai.

Ban taɓa kama ɓarawona ba.
Amma wa zai ji dawowar wuta ƙarfe biyun dare,
ya lallaɓa da sanda, ba fitila,
in ba Baba ba?

Shekara ashirin da shida ya yi a masaƙar Kakuri
yana tsaron tukunyar tururi.
Yakan ce allurar gejin ta fi agogon manaja gaskiya,
ruwan da bai yi huci ba kuwa
na ragwaye ne.
Masaƙa ta mutu, ciyawa ta ci ƙofarta,
shi dai hannunsa bai ji labari ba.

Ciwon suga ya zo, ya fara ta ƙasa,
ya kwashe ji daga ƙafafunsa kamar mai kwashe shanya.
Wata safiya a Agusta, ana yayyafi tun jiya,
ya tsoma ƙafa a baho, yana ta ba ni labarin albashin da.
Ni na ga fatar tana saɓulewa
kamar ta tumatir a tukunya.
Ya dube ni, ya ce, ke kuma kukan me?

Yohana mai gyara ya zo daga Barnawa.
Ya ce kar in kai shi can ƙasa,
ruwa mai ɗumi-ɗumi in ya kwana a tulu, cuta yake reno.
Sama kuma, ai na gani da idona.
Ya zare maɓallin da sukundireba,
ya sa mini a tafin hannu: ki ɓoye, magana ta ƙare.

Kwana biyu yana cikin gwangwanin allurata.
Daren farko na ji sandar ta wuce,
na ji ta tsaya,
ta daɗe a tsaye,
yatsu na laluben abin da babu.
Da safe bai taɓa kokonsa ba.

Na mayar.

Yanzu nakan riga shi tashi.
In tari na bakwai ɗin a bokiti,
in sirka da na duro,
in tsoma gwiwar hannu, yadda nas ta nuna mini,
in ƙara, in sake tsomawa.
Sai ya zauna a kujerar roba, ya miƙo ƙafar,
tabon nan na sheƙi.

A nawa yake?
A bakwai, Baba.

Sai ya gyaɗa kai,
ya ce in yi sauri, kar a ɗauke wuta.