Hoto, In Ji Talhona

In hayaniyar Tawa ta lafa da dare
nakan kara talho a kunne.
Akwai wata mata a ciki, ba ta numfashi,
ita ke karanta mini duniya.

Malam Asumane ya ɗora darasin doka.
Na shafa gilashi, na ce ta karanta.
Ta ce: hoto.
Na shafa gaba. Hoto.
Shafi goma sha bakwai,
kowanne sunansa hoto.
Takardarsa ya ɗauka da kyamara,
har da inuwar yatsansa, in ji masu gani.

An ce jami'a ta shigo har ɗaki,
ba hawan bene, ba kuɗin kabu-kabu.
To, ga rijiya a tsakar gida,
guga kuwa an rataye shi
inda ido kaɗai ke kaiwa.

Hurera tana ɗaki na uku.
Sanƙarau ya tafi da jinta tana shekara tara.
Ita murya ake aiko mata,
minti arba'in na bakin malami
ba harafi ɗaya a ƙarƙashi.
Ta ce tana kallon ɗigon nan yana rarrafe
kamar hadari a kan gonar wani.

Sai muka ƙulla ciniki a kan tabarma ɗaya:
in saurara in buga mata,
ta duba ta buga mini.
Shayi ya huce, sauro ya ƙoshi,
rezo ya tafi yawonsa ya dawo.
Inda na yi kuskure takan mintsine ni,
dariyarta a kafaɗata nake jinta.
Mu biyu muka haɗa ɗaliba guda,
kowa kuwa ta biya kuɗin rajista cikakke.

Ranar jarrabawa aka raba mu.
Kafin tambaya ta fari
na'ura ta tare ƙofa:
in tabbatar mata ni mutum ce,
in zaɓi hotunan da ke da gada.
Agogo na ci.
Ni da na haddace sashe ɗari biyu na doka
ina zaune, hannu a cinya,
ƙarfe na shakkar mutuntakata.

Kai da ka gina gidan nan,
ban ce ka ji tausayina ba,
tausayi ya yi mini yawa, har ina rabarwa.
Rufe idonka dare ɗaya,
toshe kunnenka dare na biyu,
ka shigo ta ƙofar da ka yi.

In ka yi karo, kira mu.
Hurera ta san inda bangon yake,
ni na san ƙararsa.